Akuyar da Na Mayar Gida

Tun da littafina na tatsuniyoyi ya fito mutanen Yamai ke kirana marubuci. Da ina jin daɗin sunan, har kafaɗa nake ɗagawa. Yanzu in an faɗa kunya ce ke rufe ni, kuma duk saboda wata akuya.

A ƙauyenmu na Kurfai, in sanyi ya shigo an gama zuba hatsi a rumbu, Kaka Hawa, mahaifiyar babanmu, takan sa a hura wutar kara a bakin ɗakinta bayan tuwon dare. Tana saƙar tabarmar kaba ba ta ko kallon hannunta, mu jikoki muna gwagwiyar goriba, muna ture juna don neman gefen da hayaƙi ba ya zuwa. In surutunmu ya ishe ta sai ta ce, "To, ga ta nan tahe, wa za shi ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zo ta zamna, Kaka!"

Wadda muka fi so ita ce ta yarinyar da aka aika kasuwar Baleyara ta sayar da akuyar gidansu, a shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Suna cikin tafiya akuya ta buɗe baki ta ce, "Kak ki saida ni. Maishe ni gida, in gwada miki inda ruwa yake." Ga akuya na roƙo, ga uwa can gida da tukunyar da babu komai ciki tana jiran hatsi. Daidai nan Kaka ke ajiye saƙa. Sai ta bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wani da tsinken kaba. "Kai, igiya na hannunka. Mi za ka yi da ita?"

Abin da ka faɗa shi za ta bi. Ranar da Sani, ɗan baffana, ya yi wa jaki dukan mugunta, shi ta nuna. Ya ce, "Saida ta zan yi!" Kaka ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai sayar, ta sa garin ya bushe gida bayan gida, har Sani ya fashe da kuka yana cewa a koma a fanso ta. Lokacin da aka kai uwar wata 'yar'uwarmu Zali asibitin Filinge, Zali Kaka ta nuna, ta ce gida za ta mayar da akuya, kuma ruwan da ya ɓulɓulo a daren nan har jirgi sai da aka sa masa, muna ta ƙyaƙyata dariya, Zali ma ta yi. Mu a zatonmu wasa ne kawai.

Da na kai rubutuna wurin masu buga littafi, mai gyaran ya ja layi ƙarƙashin tambayar Kaka. "Malam, takarda ba ta tsayawa jiran amsa. Ka sa mata ƙarshe." Wallahi ko gardama ban yi ba. Na zauna na rubuta cewa yarinya ta mayar da akuya gida, akuya ta tona ƙasa, ruwa ya fito, kowa ya sha. Na ƙawata jimlolin, na ji na burge kaina. Littafin ya shiga makarantun da ake koyarwa da Hausa, ni kuwa ina ta faɗa wa mutane na ceto tatsuniyoyin Kaka daga ɓata.

Sanyin bara na je gida. Kaka ta daɗe da rasuwa, ƙanwar babana Gwaggo Rabi ce ta gaji wutar da tatsuniyoyin. Na zauna bayan yara ina murmushi irin na babban baƙo. Ta ɗauko ta akuya. Da ta iso wurin tambaya sai ta nuna Hadiza, ɗiyar Sani, wadda a makon nan ubanta ya kai tunkiyar da take kiwo kasuwa ya sayar, tun ranar ba ta cin abincin kirki.

"Hadiza, igiya na hannunki. Mi za ki yi da ita?"

Kafin yarinya ta motsa baki sauran suka ɗauka da ihu. "Gida ta maishe ta! Mushe, malaminmu, ya karanta muna a lakwal! Shina cikin littahin Kawu!"

"Ku yi min kurum, ba ku nit tambaya ba," in ji Gwaggo.

Hadiza ta juyo ta dube ni, idonta cike da ƙwalla. "Kawu, in na hwaɗi wani abu daban, na yi kure ko?"

Na ce, "A'a, ɗiyata, faɗi abin da ke ranki." Amma ina! Ta sunkuyar da kai ta zubo jimlata kamar mai ba da hadda, kalma ba ta sauya ba. Gwaggo ta ƙarasa tatsuniyar a gurguje, ta ce kowa ya tafi ya kwanta. Abin da ke cikin yarinyar nan ya koma da ita ɗaki, ba wanda ya ji shi.

Sai a ranar na fahimci abin da Kaka ke yi da tsinken kabarta. Tambayar ce tatsuniyar, da ita take gane abin da ke damun yaro ba tare da ta tsitsiye shi ba. Ni na ɗebe ta na cike gurbin da amsata, aka buga, aka raba wa yara, kuma yaro ba ya musu da abin da mushe ya karanta masa a makaranta. Ban san yadda ake janye magana daga takarda ba.

Da safe na je yi wa Gwaggo sallama, tana shiƙar hatsi. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ta katse ni.

"An ce kana rubuta na biyu?"

Na ce e.

"To, hwaɗa min waɗanda ba ka kai gare su ba tukuna," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "In yi ta yi ma yara su kahin ka iso."