Lambar da ke Hannun Yayana

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya da yayana, a ruga ɗaya aka yanke mana cibi arewa da Sule Tankarkar, amma tabon lambarmu ba wuri ɗaya yake ba. Nawa yana kusa da kafaɗa, inda masu rigakafin Nijeriya ke yi wa jarirai. Nasa yana ƙasa da gwiwar hannu, inda ake yi a Nijar. Shekarar da aka haife shi rijiyarmu ta ƙafe, Inna tana zuwa ɗibar ruwa wani ƙauye a hayin iyaka. Wata rana ta tarar ana yi wa yara allura a gindin tsamiya, ta kwanto shi daga goyo ta miƙa. Ita dai ta ga magani kyauta ne, ba ta tambayi ƙasar wa take tsaye a kai ba.

Shi ya bi shanu, ni aka sa boko. Yau ina koyar da darasin zaman ɗan ƙasa a wata ƙaramar sakandare a Gumel. Kowace shekara nakan zana wa yara duwatsun murhu uku a allo, in ce ga masu yin doka, ga masu zartar da ita, ga masu shari'a, kowanne na tare ɗan'uwansa don kada tukunya ta kife. Nakan karanta musu daga kundin tsarin mulki cewa wanda ubansa ɗan ƙasa ne shi ma ɗan ƙasa ne, kuma ba a tsare mutum kwana da kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Har da buga tebur nake yi, wallahi, ina jin daɗin muryata.

Wata Alhamis yayana ya kai bijimai biyu karar shanu ta Maigatari. Aka yi rashin sa'a ranar masu kaki suna kamen baƙin haure. Ba sa ɓata bakinsu da tambaya, cewa kawai suke yi a naɗe hannun riga. Ya naɗe, suka gani, suka ce ya hau mota. Ya ciro katin zaɓensa, ɗayansu ya karɓa ya ce rabin mutanen Damagaram ma suna da irinsa, ya jefa a aljihu. Dillalin da ya saba sayar masa da shanu ne ya kira ni a waya.

Na sami waɗanda aka kama a bayan wani ofishi, zaune a ƙasa cikin rana, an tara takalmansu gefe guda. Yayana yana layin gaba, rawaninsa a kwance a cinya. Na gaishe da babban masu kakin, na ce wancan yayana ne, ciki ɗaya. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ciki ɗaya? To kai ma ɗan can ne ke nan."

Bai rufe baki ba na ɓalle maɓalli, na naɗe hannun rigata har kafaɗa, na juya masa tabona. Ba wanda ya ce in yi. Hannuna ne ya riga ni, ya ceci kansa, kuma yayana yana kallo. Sai daga baya na soma zuba Turanci kan 'yancin ɗan ƙasa. Mutumin ya bar ni na gama, ya ce in kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma kafin safiyar Asabar, in ba haka ba za a tsallakar da shi tare da sauran.

Juma'a da sassafe ina sakatariya. Magatakarda ya karɓe ni da fara'a, ya ce ya san ubanmu, har ya taɓa shan nono a rugarmu. Takarda kuwa sai shugaba ya sa hannu, shugaba yana Dutse, ba a sa ran ganinsa sai mako mai zuwa. Na ce ko waya a buga wa waɗancan mutane. Ya ce haba Malam, kai da kake koyarwa, ai maganar iyaka ta tarayya ce, ƙaramar hukuma ba ta da hurumi.

Na nufi gidan wakilinmu a majalisa. Na yi zaman awa biyu a kan benci kafin ya fito yana gyara hula zai tafi masallaci. Ya tausaya ƙwarai, har da girgiza kai. Ya ce su aikinsu yin doka ne, kama mutum da sakinsa na ɓangaren zartarwa ne, in ya sa baki an ce ya yi shisshigi. Wannan mutumin kuwa a motarsa aka kwashi 'yan rugarmu zuwa rumfar zaɓe, yayana a gidan gaba!

A kotu ma'aikacin rajista yana haɗa takardu zai rufe. Ya ce ƙarar tauye hakki ba ta ƙaramar kotu ba ce, sai babba, sai da lauya, sai Litinin. Babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Abin da nake rubutawa a allo shi kowa ya karanto mini, ba su yi kuskuren ko kalma ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ranar Asabar aka dangwala babban yatsansa a wata takarda da bai iya karantawa ba, aka sauke su a hayi. Masu kakin can suka nemi takardar ƙasarsu, ba shi da ita, suka ce ɗan Nijeriya ne, suka mare shi suka kora. Ta daji ya dawo gida, ba takalmi.

Talata na samu sa hannun shugaba, na hau babur na nufi ruga da hantsi, takarda a aljihun gaba. Tun daga nesa na jiyo ƙaurin nama, na ɗauka yanka aka yi. Na tarar da yayana zaune a kan turmi, Inna a durƙushe tana riƙe da tsintsiyar hannunsa, ƙarfen da ake yi wa shanu lalas yana yashe a ƙasa yana hayaƙi. Matarsa ce ta gaya mini yadda aka yi. Shi ya sa ƙarfen a wuta da kansa, ya kira Inna, ta ce ba za ta iya ba, ya ce mata, "Ke kika riƙe musu shi wancan karon. Riƙe mini yanzu." Ta riƙe, ya ɗora ƙarfen a kan tabon lambar. Bai yi ko tari ba, Inna ce ta yi amai bayan an gama.

Na miƙa masa takardar. Ya karɓa da hannun dama ya sa a ƙarƙashin cinya, bai duba ba.

Sai da ciwon ya yi wata biyu yana ruwa kafin ya kame. Ya koma Maigatari da takardar a aljihu, masu kaki suka sake tare shi a bakin kara. Da ya naɗe riga suka kira juna su zo su gani, suna dariya. Suka ce takarda kowa na iya samowa, amma ba mai ƙona daidai wannan wurin sai wanda ya san abin da yake ɓoyewa. Suka yaga ta, aka sake tsallakar da shi. Daga ranar bai ƙara taka kasuwar ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana ciniki da bakinsa, yanzu wasu yake ba shanunsa su kai, abin da suka kawo ya karɓa.

Na je na same shi yana ɗaure maruƙa. Na ce wannan karon ba zan bari ba, na yi magana da lauya, har babbar kotu za mu je, doka tana bayanmu. Ya gama ƙulla igiya, sannan ya ɗago.

"Bar shi, Malam. Ranar nan na ga yadda ka naɗe hannun rigarka. Ban san kana da sauri haka ba."

Tun ina rarrafe da wani sunan wasa yake kirana, wanda shi kaɗai ke faɗa. Daga wannan ranar Malam yake ce mini, kamar kowa.