Duwatsun Murhun Malam

Jiya na karɓi littattafan 'yan aji biyar a makarantarmu ta Kebbe, bayan na ce kowa ya rubuta insha'i kan gwarzonsa. Duk ajin wani attajiri suka yaba, wanda ba su taɓa gani ba, ko wasali bai bambanta ba. Ashe hedimasta ne ya rubuta a allo suka kwafa, wai don masu duba makarantu su ga aiki tsaf. Raina ya ɓaci, sai marigayi Malam ya faɗo mini a rai.

Shi ya koyar da mu a firamare a Tambuwal. Ranar da ya ba mu irin wannan insha'i na kwafo nawa daga littafin yayana, ya matso yana ƙamshin goro, alli ya ɓata masa hannun riga. Ya ce, "Kai, wanga gwarzo naka, ka taɓa jin warin zufatai?" Ya kekketa takardar. Ya ɗebo duwatsu uku ya jera a tebur kamar murhu: "Wane ne shi, mi yay yi gaban idonka, mi kak koya. In babu guda, tukunya ta kife." Na koma gida na rubuta a kan mahaifiyata, da fason da hanyar rijiya ta yi wa dugaduganta.

Yau ga mu, muna koya wa yara ƙarya da kyakkyawan rubutu. Tir da mu! Gobe da duwatsu uku zan shiga aji, hedimasta ya yi abin da zai yi.

Allah ya kai haske kabarinka, Malam, kada ya bari mu binne iliminka tare da kai.