Ƙarfen da Muke Fasa Kanwa da Shi

Sati uku ke nan, amma har yanzu in na ɗauki kofi sai na tallafe shi da hannu biyu.

Kakana mai tara kayan yaƙin dā ne. A gidanmu na Ƙofar Durbi akwai ɗaki guda da ya keɓe musu: takubba a jere jikin bango, garkuwar fata da ta bushe kamar katako, da sulke mai nauyin da ni kaɗai ba na iya ɗagawa. A ƙasa akwai akwatin ƙarfe da mahaifinsa ya dawo da shi daga yaƙin Bama, zamanin Turawa. Tun da idon Kaka ya yi rauni, ni da na gama sakandare nake zaune gida, ni ke goge masa takubban da man keken ɗinki. Duk sanda na zare ɗaya daga kube sai tsigar jikina ta tashi. Akwai wanda bakinsa ya ɗan karye wuri uku. Nakan sa yatsa a gurbin, in ce a raina, me wannan ya sara haka?

Daga akwatin nan wani ƙarfe ya fito tun kafin a haifi innata. Kamar guntun taɓarya yake, kansa da ɗan tsini, ga nauyi. Matan gidan suka ga amfaninsa suka kai shi madafi. Da shi muke fasa kanwa, da shi ake buga ƙusa. Ƙarfen kanwa, haka kowa ke kiransa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, wani abokin Kaka, tsohon soja, ya kawo masa takobi. Suka daɗe suna gaisawa, sannan Kaka ya ƙwala mini kira irin na wasan kaka da jika.

"Ke amarya! Kawo ƙarfen kanwa ki buga mana ƙusa, mu rataye wanga."

"Tsoho, ba ka biya ladan jiya ba," na ce, ina dariya.

Na hau kujera, na buga sau biyu. Na ɗaga zan buga na uku sai baƙon ya yi magana a hankali, da muryar da ba ta ɗazu ba.

"Ɗiyata, tsaya nan. Kar ki buga, kar ki sake shi."

"Mi ya faru, Malam?" in ji Kaka.

"Alhaji, harsashin igwa ne. Ga hancinsa nan, ba a cire ba. Bai tashi ba."

Ban fahimta ba sai da na ga fuskarsa. Hannuna na sama, nauyin na jan sa ƙasa. Na ji sautin innata tana tankaɗe a tsakar gida, katanga ɗaya tsakaninmu. In ya suɓuce, har da ita.

Baƙon ya sa aka ciko bokiti da yashi. Kaka, wanda sai da sanda yake miƙewa, ya rarrafo ya riƙe ƙafar kujerar. An ce masa ya fita, ya ƙi.

"Sauko da hannun kamar kina ɗauke da jariri," in ji sojan. "Yauwa. Kar ki kalle ni, kalli yashin."

Ban san tsawon lokacin ba. La'ilaha illallahu kawai nake maimaitawa. Da na kwantar da shi a yashin, yatsuna suka ƙi buɗewa, sai da sojan ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikatan kwance bam da aka kira suka kwashe mutanen layinmu, suka tafi da harsashin bayan gari don su fasa shi. Kaka ya nace sai da aka tafi har da shi. Da la'asar ya dawo, ya zauna. Ya ce daga nesa suka tsaya, amma ƙasa ta motsa ƙarƙashinsa, kuma ramin da ya bari mutum zai kwanta ciki. Wannan abin ne mata uku, kakata da innata da ni, muka yi ta dukan kanwa da shi muna hira. Ikon Allah! In na tuna, ba tsoro kaɗai nake ji ba, har da wani abu da ke sa in rasa ta cewa.

Sai Kaka ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da ɗan guntun ƙarfe da ya roƙa aka tsinto masa. Ya yage kamar takarda, gefensa na sheƙi. Ya miƙo mini.

"Riƙe ki ji. Yanzu ba ya komai."

Na ɓoye hannuwana a cikin hijabi. Bai matsa mini ba. Ya lallaba ya ajiye shi da kansa a kan taga, kuma har yau ban taɓa shi ba.