Ranar da na jefar da yusur ɗin Kawu a teku

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma sha uku, mahaifina ya aike ni Jidda wurin kawuna in karɓo masa yusur, baƙin icen nan na ƙarƙashin teku da yake yin carbi da shi a shagonmu na unguwar Tandabawi. Hajji ya matso, ba shi da ko guntu. Kawu mai nutso ne, yana da tukunyar iska da yake goyawa a baya.

Na nace sai na bi shi, muka shiga kwalekwale zuwa wani tsibiri. Lokacin sanyi ne, na zuba riga uku na koma kamar buhun gawayi. Da na tsoma hannu, sai na ji ruwan ya fi iska ɗumi. "Da sanyi ruwa garau yake," in ji Kawu, "sai dai iskar arewa ba ta jiran kowa."

Ya ba ni gilashin nutso na leƙa. Wallahi kasuwa ce a ƙasa! Kifaye rawaya da shuɗi, wani mai bakin aku yana gatsar dutse, ga kunkuru da zai iya ɗaukar mahaifiyata da kayanta. Ni da ban san ruwan da ya wuce garwar mai ga-ruwa ba.

Kawu ya nutse, ya daɗe, ya ɗago ya miƙo mini wani reshe mai yauƙi da ƙarni, ya juya yana kwance tukunya. Yusur da na sani baƙi ne wuluk, mai sheƙi. Na ɗauka ciyawa ce, na wurga ta ruwa, har da wanke hannu.

"Ina yusur ɗin, ya walad?" in ji Kawu, wato "kai yaro" da Larabci.

"Ai ba ka kawo ba tukuna, Kawu."

Ya dube ni, ya dubi teku. Iskar tukunya ta ƙare, igiyar ruwa ta fara tashi. Bai zage ni ba. Ya ja numfashi ya koma haka nan, ni kuma na karance duk surorin da na iya, wasu sau biyu. Can sai ga shi da reshen. Ya kankare shi da wuƙa, baƙin ya bayyana.

Har yau ban ga wanda ya burge ni kamar Kawu a ranar ba, kuma na daina yanke hukunci a kan abin da a shago kawai na san shi. Da za mu koma ya ce in zauna a kan hannuwana har Jidda. Na kuwa zauna.