Walda a Rumfar Maƙeri

A gidanmu na Tawa namiji baƙo ne. Shina zuwa da ruwan farko, shi yi noma, gero na shiga rumbu shi saɓa jaka sai Abijan. Haka babana ya yi har Allah ya karɓi abinai, haka yayana ke yi. Ina yaro na ɗauka uba wani irin tsiro ne na damana, kamar tafasa.

Ni ma na tahi sau guda. Na ga teku, na gaishe ta, bayan gaisuwa na rasa abin da za ni ce mata. Can riga ba ta bushewa jikin mutum, kuma in na ruhe ido sai in ga jajayen duwatsun Adar da la'asar, awaki na hawansu sannu sannu kamar masu zuwa kai ƙara sama. Na dawo na ce ni kam na gama tahiya. Na shiga wurin wani mai walda kusa da tasha na koyi aiki, har hannuna ya faɗa.

To amma a Tawa in ka jefa takalmi sama, bisa kan mai walda za shi faɗo. Sai na yi tunani: ƙauyukka ba su da kuran, wato wutar lantarki, amma suna da ƙarhe, kuma ƙarhe ko ina yake shina karyewa. Na samu tsohon moto mai ƙafa ukku, na aza mashi gurup mai ba da wuta, da injin walda, da ƙunshin baget, wato sandunan da ake narkewa a liƙe ƙarhe da su. Gurup ɗin nan in ya tashi shina tari kamar wanda ya fara shan taba tun zamanin Nasara.

Yayana ya zo noma ya iske abin tsakar gida. Ya kewaye shi, ya shuri taya guda, ya ce shi ba shi hana ni. Amma in gero ya shiga rumbu ban samu masu kawo mani aiki ba, a saida tarkacen nan in bi shi. Gaban inna ya faɗa, inna ko ba ta ce komi ba. A gidanmu maganar da anka yi gaban inna ta yi shiru, ta zauna ke nan.

Sai na shiga bin kasuwanni. In hita da sanyin sahiya, in ɗauki hanyar Affala ko ta Barmou, gonaki kore shar dama da hagu, tabkuna na ƙyalli can ƙasan tudu. Moto na tahiya, ni kuma ina wani wuri. Ina ganin duk karyayyen ƙarhen ƙasar Adar ya ji ƙarar injina ya miƙe: gadaje masu ƙafa ukku suna ɗingishi, gambuna suna jan gindi, amalanku na rarrahe, duk sun jero bayana har inda ido ya ƙare. Ina ganin an naɗa ni sarkin walda, mata na guɗa. Har launin rawani na zaɓa. Sau da yawa rami ke maido ni duniya.

In na isa kasuwa sai in samu gindin aduwa, in tada gurup, in ɗauko guntayen ƙarhe biyu in liƙe su don a gani. Wallahi kasuwa watsewa take ta dawo kaina. Mai nama shi bar nama, raƙuma su juyo da wuya. In ce kada kowa shi dubi wutar, tana ɓata ido, sai kowa shi ƙara buɗe nashi. A yi ta masha Allah, a sa mani albarka, wani har fura shi saya mani. Amma ko allura ba wanda ya miƙo.

A wani ƙauye gaba da Barmou na ga amalanke kwance gehe guda, ƙarhen da ke riƙe tayoyinta ya karye, an ɗaure da igiya. Na samu mai ita na ce aikin ɗan lokaci ne. Ya yi murmushi ya ce ai an san da ita, Allah shi saka. Ya tahi abinai.

Haka kasuwa ke bin kasuwa. Gero ya kai ƙugu, ya wuce kai, ya hidda zangarniya. Duk ƙasar ana murna, ni kaɗai ke wucewa ina hararar gonaki. Ina jin a tarihin Adar ba a taɓa samun mai roƙon gero shi yi sannu ba sai ni.

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a kasuwar ƙauyen nan na gaba da Barmou ita ta gaji da ganina. Ta kira ni ta ce, “Ɗana, wai ka je maƙera kuwa?”

Na ce mi za ni yi maƙera, ni da na zo da tawa wuta. Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya shiga masallaci da takalmi, sannan ta warware mani. A nan ƙarhe da mai shi. Kowane gida da maƙerinsu tun kakanni. Shi ke ƙera masu hauya in damana ta kusa, su kai mashi damen gero da kaka. Shi ya ƙera wuƙar da anka yanka ragon sunansu da ita. Mutum ba shi ɗaukar ƙarhe shi wuce ƙohwar wannan tsoho shi kai wa baƙo, in ya yi, da wane ido za shi dube shi ran biki? Gara amalanke ta kwana shekara da igiya. Ni ko ɗan birni ne, inda kake kai aiki wurin duk wanda ka iske buɗe.

Na sayi goro na nuhi maƙera. Rumfa ce baƙa ƙirin bakin gari, tsohon na zaune gaban uwar maƙera, idanunai ja kamar garwashin da ke gabanai. Na tuɓe takalmi, na tsuguna, na yi gaisuwar da ko surukina ba za shi samu ba. Ya amsa bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da bugun wani gatari, ni ko ina tsugune har ƙafafuna sunka yi mani bankwana. Na tabbata ya san ko ni wane ne. Ba wanda ke da kunne a ƙauyen da bai san gurup ɗina ba.

Can ya ce ɗan wane gida. Na jero mashi dangin uba, ya kaɗa kai kamar mai jin labarin garin da ba shi da niyyar zuwa. Ya ce uwa fa. Na ce inna ƴar Tawa ce, amma uwarta Buzuwa ce daga arewa.

Sai ya aje masaba.

Tsakanin Buzaye da maƙera akwai wasa tun fil azal. Kowa na iya gaya wa kowa abin da ya ga dama, ba hushi, ba kai ƙara. Na san da haka, amma ban taɓa tsammanin kakata za ta yi mani rana daga kabari ba.

“Ashe Buzu ne gabana tun ɗazu nake ɓata kunyata,” in ji shi. “Tashi, kai. Wa ya ba Buzu wuta? Ku da ba ku san amfaninta ba sai dahuwar shayi.”

Na miƙe ina jan ƙafa na ce, “Gara mu, Baba, muna shan abin da munka dafa. Ku tun kakanni kuke bugun ƙarhe, har yau bai ce ya tuba ba.”

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya kwashe goron duka, ya sa hannu aljihuna ya laluba ko na ɓoye saura, don a cewarsa Buzu ba shi ba da abu gaba ɗaya. Sannan ya ce in je in turo wannan jakin nawa mai tari, in sa shi bayan rumfa.

Ina dawowa na iske ya aika an kira mai amalanken nan, ga ta an jawo. Tsohon ya ce wutar gawayi ba ta riƙe irin wagga karaya, ya daɗe da sani. Ya nuna mani ita da haɓa.

Na ja gilashin walda bisa huska. Wanda bai taɓa shiga cikinai ba ba za shi gane ba. Duniya duka ta ɗauke, ba kasuwa, ba gero, ba Abijan. Duhu ne kore, sai ɗan tauraro guda a bakin baget, kana jan shi shina bin ka, ƙarhe na narkewa bayanai kamar man shanu cikin tuwo mai zahi. Na so a ce karayar ta kai daga nan har Tawa.

Da na gama na kakkaɓe, layi ya hito sumul. Na buɗe baki za ni ce ma mai ita ga ta nan, sai tsohon ya ɗaga mani hannu. Ya taso da masabarshi, ya duƙa, ya daɗe shina duban wurin kamar mai karatu. Sannan ya ɗan buga sau guda, bugun da ko sauro ba za shi kashe ba. Ya juya ya ce ma mutumin an gama.

Mutumin ya durƙusa ya yi ta godiya ga tsoho. Ya sa ma hannunai albarka, ya sa ma ubanai, ya sa ma kakanai. Da za shi wuce ya dube ni ya ce sannu direba.

Na haɗiye haushina har ya yi nisa, sannan na ce ma tsohon wanga wane irin fashi ne da rana tsaka.

“Kai ka haɗa su,” ya ce, “ni na ɗaura masu aure. Kawo shayi.”

Daga ranar aiki ya ɓalle. Komi ta hannun tsohon yake biyowa, komi sai ya sha ɗan bugun nan kahin shi koma gida, abin da anka ba da kuma mu raba ba gardama. Ya aika wa ƴan'uwanai maƙeran wasu ƙauyukka cewa ga Buzunai nan tahe, a ba shi inuwa. Kowane na da rumfa, kowane na da masaba, kowane da irin zagin da ya tanada mani.

Da anka gama ɗaurin gero yayana ya ce sai ya gani da idonai. Na ɗauke shi bayan moto. Ya wuni bisa wani kututture cikin rumfa, ya ga layin masu jira, ya ga bugun tsoho, ya ji ana ce mani direba. Bisa hanyar komawa ya ce to wai aikin nan na wane ne, nawa ko na tsohon. Na ce ni ma ban sani ba, amma gobe akwai wani.

Ran tahiya ni na kai shi tasha. Ban tambaya ba, shi ma bai tada zancen saida tarkace in bi shi ba. Ya miƙa jaka anka aza bisa mota, ya shiga, ya leƙo ta taga ya ce in riƙa duba ruhin ɗakin inna, gehen gabas na yoyo.

Motar ta tashi. Na tsaya cikin mata masu rakiya har ta sha kwana, su sunka juya gida, ni na rasa inda namiji ke nuhwa a irin wagga sa'a. Sai na bi bayansu a hankali, ina tura moto da hannu.