Ruwan Tekun Inna

Jama'a, yau na shiga sadakar arba'in ɗin mahaifiyata ina dariya.

Kun san wata uku ke nan ina karatu a cikin jirgin ruwa. Aji a kan teku, jarrabawa a kan teku, amai ma a kan teku. Kafin in tafi, Inna ta aiko mini da kaset daga Zariya. Ta ce, “Hadiza, ki ɗebo mini ruwan tekun nan a kwalba, in ɗanɗana in ji ko da gaske gishiri ne.” Na ɗebo kuwa.

Duk tashar da muka tsaya sai na kira Kawu Sani, ƙanenta. Kullum amsarsa ɗaya: “Tana gaishe ki. Ki mai da hankali ga karatu.”

Yau muka sauka. Na iso gidansa a garin Greenbelt, nan ƙasar waje, ga takalma birjik a bakin ƙofa, ga ƙamshin waina. Na ce ashe har da walima aka shirya mini! Na shiga da guɗa, ina ɗaga kwalbar.

Kowa ya juyo yana kallona.

Wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce, “Ya haƙuri, 'yata?”

Na ce, “Haƙurin me, Hajiya?”

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Innarki ce ta hana a gaya miki. Ta ce kada a ba ki labari kina tsakiyar ruwa, ba inda za ki gudu.”

Ga kwalbar nan a gabana. Na buɗe na ɗanɗana.

Inna, da gaske gishiri ne.