Kawu Sale da Layin Masu Suga

Duk wanda ya san Kawu Sale kafinta na Rafin Guza ya san a cikin hula yake ajiye katin asibiti. Ko masallaci zai je, kati na ka. Wai aljihu na yaudara, kai kuwa ba a manta shi a gida.

Ni na raka shi ranar da aka gano ciwon. Likita ta ce, "Baba, suga ya yi yawa a jininka."

Ya zaro ido. "A jikina yake? Kai! Ashe duk shekarun nan a banza nake saye!"

Sai ya ɓullo da dabara. In ranar komawa asibiti ta matso, kwana uku ba ya cin komai sai kwaɗon zogale. Ana gama gwaji, sai wurin mai rake a bakin ƙofa. Rannan nas ta kama shi dumu-dumu, baki cike.

"Haba Baba!"

"'Yata, ai an gama jarrabawa. Hutu nake."

Da suka koma yi masa gwajin da ke tona abin da mutum ya ci wata uku, ya dawo gida yana huci: "Yanzu har jini ya koyi gulma!"

Amma da aka yanke wa amininsa Malam Hadi ƙafa, saboda ya daina zuwa ganin likita, Kawu ya bar wasa. Layin masu suga a asibiti kullum ƙaruwa yake, har da matasa, ya haddace kowa. Wanda bai zo ba, Kawu zai hau babur ya bi shi, ko da can garin Katabu ne.

Wata Hajiya ta ce, "Wai kai likita ne?"

"A'a, Hajiya, ni ne karen motarsa. Ɗauko mayafi mu tafi."

A sunan ɗana kuwa, ya fizge kwalbar lemo daga hannun liman. Ya ce, "Allah gafarta Malam, layinmu ɗaya. Kar ka sa in faɗi lambar da gwajinka ya nuna ranar Talata." Liman ya nemi ruwa!

Da ƙafafunsa biyu ya tsufa, yana aiki har ƙarshe. Ranar ta'aziyya 'yan layi suka cika ƙofar gida, wani dattijo na hawaye yana cewa, "Wa zai ƙara zuwa ya yi mini faɗa?"

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya shayar da shi zumar Aljanna ba tare da gwaji ba. Amin.